Saƙon da Goggo ta ƙi kaiwa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, wannan ba mai ja da shi. Abin da nake ja da shi shi ne maganganun da na ji a tabarmar makokin Goggo, ƙanwar mahaifina. Su ne suka sa na ɗauki alƙalami, ni da ban saba rubuta komai ba sai rahoton itatuwa.

Tun ƙurar maƙabarta ba ta bar ƙafafunmu ba aka fara. A cikin gida wata tsohuwa tana sharar hawaye tana cewa, "Allah sarki, baiwar Allah, ta tafi ba ta bar baya ba." A ƙofar gida kuwa wani ɗan kasuwa, wanda har gobe don dole nake gaisawa da shi, ya karkata wajen na kusa da shi ya ce, "Wai ni me ta je karantawa ne har ƙasar Turawa? Na ji an ce hirar cikin gida." Ɗayan ya ce, "Ashe gulma ma digiri ake yi a kanta." Suka danne dariya da tari. Sun zaci ban ji ba. Mutumin da ya yi shekaru yana sauraren saran gatari daga nesa a cikin daji, raɗa ba ta wuce kunnensa.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ɗalibanta sun zo daga jami'a cike da mota, maza da mata, wasu har da furfura, suka zauna a ƙasa suna kuka ba kunya. Wata tsohuwa Bagwariya ta taso tun daga Randagi da doya a kafaɗa, ta sauke a tsakar gida, ta ce, "Ni ban san addu'arku ba, amma na zo. Malama ce ta sa ɗana ya dawo cin tuwona." Mata suka matsa suka ba ta wuri.

Ni kuwa nawa rashin daban ne, kuma gara in faɗe shi tun yanzu. Ni ɗan fari ne. A gidanmu kunyar ɗan fari ba ta wasa ba ce. Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa dubana ya yi mini magana ba. "Wancan" nake a bakinsa. Duk wata magana da ta taɓa shiga tsakanina da shi, tun ina goye har na yi gemu, ta bakin Goggo ta bi. Ga shi mun binne ta. Ga Baba can a kan buzunsa, ga ni nan a bakin tabarma, kuma akwai wata tsohuwar magana mai nauyi tsakaninmu da ba a kashe ta ba. Bayan addu'ar bakwai zan koma bakin aiki. Na san halin Baba, na san nawa. In na hau babur ba tare da wata kalma ta ratsa tsakaninmu ba, to an rabu ke nan har gaban Allah.

Goggo ta sha faɗa cewa a zauren Kaka ta fara karatu, jami'a ta je ne kawai karɓo takarda. Baba ma ɗan fari ne. Kaka yakan zauna, Baba na tsaye a gabansa, sai ya kira Goggo, tana 'yar mitsitsiya, ya ce, "Ke, gaya wa wancan jakin nan bai sha ruwa ba." Ita kuma ta juya ta ce, "Yaya, wai jaki bai sha ruwa ba." Sai a lokacin Baba zai amsa, kamar dā can kurma ne. Da hukuma ta ce kowace unguwa ta ba da yarinya a kai makaranta, Kaka ya ce a ɗauki wannan, bakinta ya yi yawa. Ta zama malamar makaranta, ta auri malami ɗan'uwanta, Allah ya karɓi ransa ba su samu haihuwa ba. Ni aka ba ta riƙo. Bayan an sami mulkin kai hanya ta buɗe mata ta haye teku, ta dawo ta shiga koyarwa a jami'a. Fanninta kuwa shi ne abin da 'yan kasuwan can suke wa dariya: yadda iyali suke magana da juna, wa ke gaya wa wa, ta wace hanya, me ake faɗa, me ake haɗiyewa.

Na taɓa kai mata ziyara na tarar tana shirin shiga aji, ta ce in biyo ta in zauna a baya in kama bakina. Sababbin ɗalibai ne. Ta ajiye jaka, ta sauke tabaranta da ke rataye a wuya da zaren saƙa, ta nuna wani saurayi mai kwat.

"Kai, kana da aure?"

"Ina da shi, Malama."

"Wa ya gaya wa ubanka kana son yarinyar?"

Ya yi tsuru-tsuru. Ya ce, "Kawuna."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce goggonsa, wancan ya ce aminin babansa, wata ta ce kakarta. Ba wanda ya ce shi da kansa. Ta ce, "To wannan mutumin da kuka ambata, wanda ba ya cikin ko ɗaya daga littattafan da aka ce ku saya, shi za mu karanta shekarar nan. Wanda yake ganin ya fi ƙarfin haka, ga ƙofa." Ba wanda ya tashi.

Ta sha gwagwarmaya kafin a yarda wannan ilimi ne. Wasu abokan aikinta sun ce hirar mata ce ta bakin murhu. A wani taron malamai, wani Bature ya tashi ya ce ya zauna a ƙasar Hausa ya gani da idonsa, uba da ɗan farinsa ba wata hulɗa tsakaninsu, tunda ko magana ba sa yi. Goggo ta miƙe tun ba a ba ta izini ba. Ta tambaye shi wa ya gani yana kai da komowa tsakanin zaure da tsakar gida. Ya ce mata ne da yara. Ta ce masa, "Ka je bakin kogi ka ƙare wa gaɓa biyu kallo, ba ka ga kwalekwalen ba." In tana ba da wannan labari takan kwaikwayi yadda kunnuwansa suka yi ja, ta yi ta dariya har da tari.

Amma kada wani ya ɗauka ita mai kare al'ada ce ido rufe. Masu cewa kunya ci baya ce a jefar da ita, ta yi faɗa da su. Masu cewa duk abin da aka gada alheri ne, su ma ba ta bar su ba. Ta ce ta shiga gidajen da kunya ta kashe, inda mai kai maganar ya mutu ba a maye shi ba, ko kuwa mugu ne mai ƙara gishiri. Kowane ɓangare yana jin haushinta, ita kuwa ko a jikinta.

In an yi hutu sai ta taho Birnin Gwari da 'yar motarta mai kama da kunkuru, da rikoda a kujerar baya. Inda mota ta gaza, ni nake ɗaukarta a babur ɗin aiki, mu bi ta cikin dajin doka zuwa Tabanni ko Damari ko Randagi, tana riƙe da rikodar a cinya tana yi mini faɗan gudu. Ba ta taɓa kunna ta a gidan mutum ba sai ta nemi izini. Yawanci ma ba ta kunnawa. Zama take a ƙasa, ta jawo ƙwaryar gyaɗa tana ɓara, har a manta da ita. Ta iya Gwaranci, tana taɓa Fillanci, kuma duk abincin da aka ba ta sai ta ci.

Wata rana a Damari muna zaune, maigida ya dawo yana wanke ƙafa, sai matar ta ɗauki tsintsiya ta bi wata kaza. "Ke kazar nan! Kullum kina yawon gidajen mutane, ba kya tunawa da gida sai yunwa ta koro ki. Ga rumbu ya yi ƙasa, ko a jikinki." Goggo ta zungure ni da gwiwar hannu. Maigidan ya ci gaba da cuɗa diddigensa, can ya ce, "Kaza ta ji." Da muka fito Goggo ta ce da matar ta faɗa masa a fuska da yau an kwana da yaji, da ta yi shiru kuma da an kwana da yunwa. Ta ce in ban ga ilimi a nan ba in koma wajen itatuwana.

Masu cewa gulma, ku saurara. Magulmaci yana ɗaukar magana daga inda take kwance ya kai ta inda za ta ta da wuta. Goggo ta shiga ɗakunan rabin ƙasar nan, ta ji abin da ko liman bai ji ba, kuma ba wanda zai tashi ya ce ga asirinsa da ya ji a waje. Ko a aji ba ta kama sunan gida. Wata hajiya ta taɓa zuwa da turmin atamfa, tana so a ɗan gutsura mata abin da surukarta ta ce a kanta. Goggo ta raka ta har ƙofa da atamfarta a hannu, ta ce ta gaida gida.

Tsohuwar Randagi kuwa, ga labarinta. Ɗanta ya musulunta, ita tana zuwa coci. Daga nan ya daina cin abincinta. Ita ta ɗauka ƙyamarta yake, ta daina amsa gaisuwarsa. Shi kuma nauyin uwa ya hana shi buɗa baki. Goggo ba ta yi musu wa'azi ba. Tambaya ɗaya ta yi, wa ya saba kai magana a gidan? Aka ce yayar uban ce, ta rasu bara. Ta sa aka kira ƙanen tsohuwar daga gona, ta ce masa daga yau aikinka ne, tashi ka je ka tambayi yaron. Ashe duk abin tukunya ce. Yana so a ware tukunyar da ba a dafa abin da addininsa ya hana a ciki ba, ya rasa bakin faɗa. Ranar kasuwa tsohuwar ta sayo sabuwa.

Yanzu sai tamu maganar.

Baba maharbi ne, kuma mai zuma. Tun zamanin Kaka suke ɗaura amya a kan wasu itatuwa ta wajen Tabanni. Sai hukuma ta matso da iyakar gandun daji, ta haɗa da itatuwan nan, aka ce ba harbi, ba sara, ba kunna wuta. A daidai wannan lokaci ni kuma na sami aikin malamin daji. Ni na nema, kuma har gobe ban yi da-na-sani ba, don na ga abin da gatari yake yi wa dajin da ba mai tsaronsa. Na zo gida cikin kaki, ina ji da kaina. Goggo tana gida hutun damina. Baba ya aika a kira ta zaure. Ina tsaye a bakin ƙofa, inda na saba tsayawa.

Ya ce, "Gaya wa wancan, tunda ya zaɓi ya zama karen hukuma a kan itatuwan ubansa, na sallama wa duniya shi."

Na ji da kunnena. Amma a ƙa'idar gidanmu, abin da Baba ya gaya wa Goggo ba ni ya gaya wa ba. Bai zama magana ba sai ta juyo ta maimaita mini. Na runtse ido ina jiran juyowarta. Ba ta juyo ba.

"Yaya, wannan ba zan kai ba."

"Ke 'yar aike ce. Ɗan aike ba ruwansa."

"In ji wa? Na kawo maka saƙon jaki. Na kai na aurenka. Ni na kawo maka na rasuwar Inna. Ban taɓa ragewa ba, ban taɓa ƙarawa ba. Wannan dai ba ya ɗaukuwa. Magana zarar bunu ce, kai ka koya mini."

"Ni za ki kawo wa boko a zauren ubana?"

"A zauren nan na koya. Ga shi can tsaye, ba nisa. In ka isa, ɗaga ido ka kira sunansa ka faɗa masa da bakinka."

Ban taɓa ganin an yi wa Baba haka ba. Mutumin da ya tsaya gaban ɓauna. Ya ɗago kai har ya kai duba ga takalmana, ya buɗe baki. Sunan ya ƙi fita. Ya sake gwadawa. Sai ya miƙe ya ɗauki gorarsa ya fita ta gabana, ya nufi daji. Daminar nan kaf bai yi wa Goggo magana ba. Ita kuwa kowace safiya sai ta je ta durƙusa ta gaishe shi, ta amsa wa kanta "Lafiya lau", ta tashi.

Baba yana iya ba wani saƙon ya kawo mini. Ƙanena yana nan, wanda ko garwashi ka ba shi ka ce ya kai, zai kai. Bai ba shi ba. Amma kuma bai janye ba. Goggo ba ta ɓoye mini haɗarin ba. Ta ce maganar da ba a kai ba tana nan ajiye wurin mai ita, ba ta mutu ba. Haka muka zauna shekara da shekaru. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, Baba yana wasa da su yana kiran 'yan matan amarensa, ni kuwa ba abin da ke zuwa mini sai "an gaishe shi" da "ya ji". Duk zuwan da zan yi gida gabana faɗuwa yake. Na taɓa roƙon Goggo ta kai masa cewa ina neman ya janye. Ta je ta dawo.

"Na kai."

"Me ya ce?"

"Shiru ya yi."

"Wane irin shiru, Goggo?"

"Ban gama karanta shi ba. In ka ga na gaya maka abin da ba a ce ba don ranka ya yi sanyi, to daga ranar kada ka ƙara yarda da ni."

Na ji haushinta a ranar, har na tafi ban yi mata sallama ba. Ita ma ba ta bi ni ba. Ba ta iya lallashi ba, gaskiya ce. Tana da kaifin harshe, tana da taurin kai irin na gidanmu, kuma in ta ga kana kuka aiki take ba ka. Ba mala'ika nake ba ku labari ba.

Ciwon bai ja ba. Tana hutu a gida ya kama ta, kafin in iso daga daji an rufe mata fuska.

To ke Iya da kika ce ba ta bar baya ba, Allah ya ba ki haƙuri, amma kin yi kuskure. Ni bayanta ne. Ba don ita ba da yau yawo nake da bakin uba a kaina, kuma kowa ya san inda irin wannan yake ƙarewa. Waɗanda suka cika mota suka zo, bayanta ne, suna can a makarantu da kotuna suna tambaya wa ke kai magana a gidan nan kafin su yanke hukunci. Ku kuma na ƙofar gida, ku yi dariyarku. Ranar da ɗanku ya daina zama inda kuke zaune, ku je kasuwa ku nemo mai gyarawa. Ya Allah, baiwarka ta riƙe amanar bakunan mutane, Ka riƙe ta da rahamarka. Ka yalwata mata kabari, Ka yafe mata kaifin harshenta, Ka haɗa ta da mijinta a Aljanna.

Ranar addu'ar bakwai, da hantsi, an shafa fatiha jama'a sun watse. Na ɗaure kayana a bayan babur. Na zo bakin zaure na tsaya. Baba yana kan buzu, ya tsufa ƙwarai a 'yan kwanakin nan, ƙanena yana gefensa. Ban san yadda ake sallama da shi ba, ban taɓa yi ba sai ta bakinta. Na durƙusa.

Baba ya juya fuskarsa wajen ƙofar da ke shiga cikin gida, inda Goggo takan ɓullo in an kira ta. Ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya ce, "Da 'yar'uwata tana nan, da na ba ta saƙo."

Na ce a raina shi ke nan, yau za a sauke mini, ba mai tarewa.

Ƙanena ya matso. "Baba, ga ni. Ka ba ni in kai."

"Kai? Kai da ba ka iya cewa na ƙi ba? Zauna."

Bai ɗauke ido daga ƙofar ba. Ya ce, "Da tana nan, da na ce ta gaya wa wancan, abin nan da na ba ta ta ƙi kaiwa, tun a daminar na zubar da shi. Girman kai ne ya hana ni gaya mata ta yi gaskiya. Ga shi ta tafi ba ta ji ba." Ya share fuska da hannun riga. "Da kuma na ce ta gaya masa, ni tsoho ne, ɗakin nan ya yi mini faɗi. In aikin nasa zai bari, ya ƙara kwana biyu."

Hawaye suka hana ni gani. Na juya ni ma na fuskanci ƙofar. Na ce, "Da Goggo tana nan, da na ce ta gaya wa Baba na ji, na gode. Aiki zai bari."

Baba ya ce, "To."

Na tashi na je na kwance kayana daga bayan babur.